Muryar da Kawu Lawali ya bar mini amana

Ranar Laraba mai zuwa shekara biyar ke nan cif da rasuwar kawuna Lawali, ƙanen mahaifiyata, wanda mutanenmu na Bron da Rillieux, unguwannin gefen Lyon a Faransa, suka sani da Metir Lawali, wato Lauya Lawali. Ya cika cikin jirgin ƙasa tsakanin Paris da Lyon, da hantsi, kansa bisa kafaɗata. Na ɗauka barci ne. Na yi kusan rabin awa ban motsa ba don kada in tashe shi, ina kallon gonaki da fararen shanu suna wucewa ta taga. Tun daga ranar ban sake taka jirgin nan ba. Ko motar haya na shiga, in wani ya fara gyangyaɗi kusa da ni, sai in sauka a tasha ta gaba.

Shi ya ɗauko ni daga Damagaram bayan na gama sakandare, in riƙa amsa masa waya da jera takardu a ɗan ofishinsa na lauya, ɗaki biyu bisa gidan burodi. Mafi yawan aikinsa takardun zama ne da ma'aikatan da aka kora. Amma shari'ar da ta fi zama masa a rai ba ta mutanenmu ba ce. Ta wasu mutane ce daga Ostireliya, 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar suka ƙwace musu ƙasa. Fiye da shekara ɗari da suka wuce aka tone kabarin wani kakansu, aka kawo ƙasusuwansa Paris da sunan binciken ilimi. Har yau yana cikin kwali a ɗakin ajiyar wani gidan tarihi, da lamba a jikinsa. Zuriyarsa suna son a ba su shi su mayar da shi ƙasa. Lauyoyinsu na can suka nemi wanda ya san dokar Faransa, aka ga aikin ba riba, kowa ya zame, Kawu ya ce a kawo.

Na tambaye shi mene ne haɗinmu da su. Ya ce, “Rakiya, da kakanki ne a cikin kwalin nan, za ki tambayi lauya garinsu?”

Mutumin da ya fara neman haƙƙin nan tsoho ne, ya rasu kafin a kai ko'ina. Sai ƙanwarsa ta ɗauka, ta zo Lyon da ɗiyarta Rut. Tsohuwa ce gajera mai furfura, ga rigar sanyi har biyu a jikinta. Kawu ya sa mata suna Inna tun ranar farko. Da suka zauna, ya yi abin da kowane ɗan Damagaram mai tarbiyya zai yi. Ya gyara zama ya shiga ta'aziyya, ya kira sunan wanta, ya yabi ƙoƙarinsa, ya sake kiran sunan, ya yi masa addu'a, ya kira na uku. Inna ta miƙe, ta fita ta tsaya a matakala tana fuskantar bango. Rut ce ta gaya mana a hankali cewa a wurinsu ba a kiran sunan wanda ya rasu, ba a kallon hotonsa, ba a sauraren muryarsa, sai lokacin da dangi suka yarda.

Ban taɓa ganin Kawu ya ji kunya irin ta ranar ba. Baƙo ko da ido makaho ne, ga shi a cikin ofishinsa shi ne ya zama baƙon. Ya fita ya durƙusa a matakala, da kwat ɗinsa da komai, ya zauna ƙasa da ita har ta juyo. Daga baya ya ce mini, “Dubi wautata. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, amma na zo na manta akwai sunan da ake rufewa don daraja.”

Daga nan aikinsa ya canza. Doka tana son suna, suna cikakke, a rubuta a karanta. Shi kuwa ya sa ni na bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya ina manna 'yar farar takarda bisa sunan marigayin, ta yadda jami'i zai ɗaga ya gani da idonsa ba tare da ya furta ba. A Paris wani babba ya yi masa dariya, ya ce wannan ba ya cikin tsari. Kawu ya ce to a nuna masa inda tsari ya hana. Ba a samu ba. Yakan ce lauyoyi ne suka rubuta takardun da aka ƙwace ƙasar mutanen nan da su, saboda haka in za a yi sulhu, lauya ne ya kamata ya fara sassauta murya. Ya koyi tambaya kafin ya taɓa komai, ya koyi jiran amsa ko da za ta yi wata guda.

Kafin Inna ta koma gida ta ba shi wani kaset cikin jakar saƙa. Muryar wanta ce, yana faɗin wurin da aka tone kabarin, da bishiyar da ke wurin, da wanda ya gani ya gaya wa wa. Ta ce ya ajiye, kada kowa ya ji sai ta ce. Dokar lokacin ba ta ba da hanyar fitar da ƙashin mutum daga gidan tarihi cikin sauƙi ba. Daga wani zaman da aka sake ce masa a dakata muke dawowa ranar da ya jingina da ni.

Kaset ɗin yana wurina a Rillieux, cikin akwatin zannuwana. Ban taɓa saurara ba. Wani lokaci da rana, in ina tsaye bakin taga a hawa na tara, sai dogayen gidajen unguwar su narke mini, in ga jar ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, irin ta hanyar Tanut can gida, da bishiya guda, da Kawu zaune a inuwarta tare da wani tsoho da ban san fuskarsa ba. Ba sa magana. Kamar masu jiran mota, kuma ba wanda ke sauri a cikinsu.

Yanzu doka ta sassauta, an buɗe ƙofar da ya yi ta ƙwanƙwasawa. Ina yawan tunanin abin da zai ce. Na san zai yi murna, amma ina jin zai ɗaga gira ya tambaya ko an koyi ladabin ko takarda kawai aka sake. Wata biyu da suka wuce Metir Zalika, wata lauya 'yar Maraɗi mai ofishi kusa da unguwar Château Rouge a Paris, ta kira ni. Ita ta gaji shari'ar. Ta ce ana neman hujjar da za ta nuna daga ina aka ɗauko mutumin, kuma ba ta da abin da ya kai kaset ɗin ƙarfi. “Ƙanwata, ki sa shi a ambulan ki aiko, mu gama. Kawunki ma da yana nan da ya gaji da jira.”

Na so in yi hakan, wallahi. Gidan waya yana ƙasan gidanmu, minti biyar na sauke nauyin. Har na rubuta adireshi. Amma hannuna ya ƙi liƙe ambulan ɗin, don na san da gajiya da rashinta, Kawu ba zai aika ba sai ya tambaya. Na ce mata ta yi haƙuri. Na rubuta wa Rut da ɗan Turancin da waya ta taya ni haɗawa, na zauna jira, kullum ina tsoron lokaci zai ƙure ta dalilina, mutumin ya ƙara wasu shekaru cikin kwali, Inna kuma ta tafi ba ta gani ba.

Kwana goma sha tara kafin amsa ta zo. Inna tana da rai, ba ta iya tafiya. Ta tara dangi sun shawarta. Sun yarda a saurara sau ɗaya, a ɗakin da babu ɗan'uwansu ko guda. Amma ta ce muryar wanta ba kaya ba ce da za a jefa a buhun wasiƙu. Wani daga gidan lauyan da ya zauna mata a matakala ne zai kai ta da hannunsa.

A gidan nan ni kaɗai na rage.

Kawu bai ci wannan shari'a ba, bai bar gida ba, ofishinsa ma yanzu shagon gyaran waya ne. Abin da ya bari shi ne wannan ɗabi'a ta tsayawa a tambayi mai abu, wadda ta bi ta shiga jikina ban sani ba, har ta fi ƙarfin tsorona da kaɗan. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Shi ya hura wutar, bai ga dahuwar ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na sayi tikitin safiyar Alhamis, Lyon zuwa Paris, awa biyu. Na roƙi a ba ni kujerar gefen hanya, kuma jakar a kan cinyata za ta zauna har mu isa.