Dokin Ƙofar Gidanmu

Gidanmu na Ƙofar Guga a gangare yake, shi ya sa kakanmu ya ɗaga dokin ƙofar zaure har kusan gwiwa, don kada ruwan damina ya shigo. Duk layin haka gidajen suke, ba wanda ya taɓa ganin laifin abin.

Yayata ce kaɗai ta san laifinsa. Shan inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana ƙarama, da keken guragu take yawo. Keken kuwa ba ya haura dokin ƙofar. Kullum sai ta sauka a waje, ta sa silifas a hannu, ta ja jiki ta wuce ta gaban abokan Baba masu hira a zaure. Su kawar da kai, ita ma ta san sun kawar. Da ta zama budurwa sai ta rage fita. Daga baya ta daina zuwa koyon ɗinki, wai ta gaji. Na san ba gajiya ba ce, abin kuma ya yi ta ci mini rai.

Wata safiya aka faɗa a rediyo cewa ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin naƙasassu, har da batun gyara ƙofofin gine-gine yadda kowa zai iya shiga. Baba mutum ne da in rediyo ya ce gobe Sallah, ba ya neman ganin wata. Ya juya ya daɗe yana kallon zaure.

"Ashe har da mu ake," ya ce.

Na ce, "Baba, asibitoci da ofisoshi ake nufi, ba gidanka ba."

"Ita ɗiyar tawa a ofis take kwana?"

Bai jira magini ba. Ya aro guduma ya rushe dokin ƙofar, ya shafe wurin da siminti. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, damina hwa?" Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar da simintin ya bushe, Yaya ta shigo a kan kekenta har tsakar gida. Ta juya ta fita, ta sake shigowa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Satin nan ta koma ɗinki.

Ruwan farko kuwa bai yi mana kara ba. Ya bi ta zaure ya cika tsakar gida, tabarmi suka taso, buhun geronmu ya jiƙe. Baba ya naɗe wando yana kwalfa da bokiti, yana haki, ga tsufa. Yaya ta dube shi daga bakin ɗaki, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, a mayar da dokin ƙofar yadda yake. Na saba, zan iya."

Ya watsar da ruwan bokitin a waje, ya dawo ya sake cikawa.

"Shi ruwa da damina kaɗai yake shigowa," ya ce. "Ke kuwa kullum nake son ki fita."