Tsohon Gidan Waya a Taswirar Anti Tela

A layinsu Anti Tela ake ce mata, ko da yake keken ɗinkin ya daɗe da komawa teburin ɗora kwamfuta. Ciwon baya ne ya raba ta da ɗinki, mijinta kuma ya samo mata aikin da ko sannu ba a cewa. Shi tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai surutu kamar rediyo, da ya yi ritaya sai ya juye surutun a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki. Kasuwa, gada, asibitin haihuwa, babu wanda ya tsira daga maƙalarsa.

Ita rubutu bai dame ta ba. Taswira ce ta shiga ranta, irin wadda jama'a ke haɗa hannu su zana. Idan ya gama maƙala, sai ta nemo ginin a taswira ta liƙa masa adireshin maƙalar, yadda duk wanda ya taɓa ginin zai faɗa kan rubutun mijinta. Kuma ba ta yarda da hoton da aka ɗauka daga sama kaɗai, sai ta je ta gani da idonta. Dalili kuwa, ta taɓa liƙa tarihin gada a jikin wata kwalbati, bawan Allahn nan ya yi ta tsokanarta har ta daina kula shi.

"Ni in yanka, ke ki ɗinke," haka yake cewa.

"Yankan naka ma a karkace yake," in ji ta, tana gyara tabarau.

Maƙalar da ya fi ji da ita ita ce ta tsohon gidan waya, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen ware wasiƙu. Bayan rasuwarsa, kullum da hantsi sai ta buɗe taswira, ta taɓa ginin, rubutunsa ya fito. Ba karantawa take yi ba, ai ta haddace. So take ta ga hanyar da ta tashi daga hannunta zuwa nasa tana nan ba ta toshe ba.

Kwatsam aka rushe ginin. Masu taswira kuwa ƙa'idarsu ɗaya ce: abin da babu shi a ƙasa ba ya zama a taswira. Ita kanta ta sha goge shagunan mutane ko a jikinta. Wani abokin aikin ya bar saƙo a kan ginin cewa duk wanda ke kusa ya duba ya cire. Kowa ya san wa ke kusa.

Ta yi ta kewaye-kewaye, yau ta gyara sunan titi, gobe ta zana famfo. Tsoro take ji, tsoro na gaske, don idan ginin ya tafi, mahaɗin da ke kaiwa ga rubutun mijinta ma ya bi shi.

"Mama, ki bar shi mana," in ji autarta. "Wa zai kama ki?"

"In wata baiwar Allah ta biyo taswira da kaya niƙi-niƙi ta tarar da fili fa?"

"To kawo in goge miki."

"A'a, auta. Ni na sa, ni zan cire."

Ta je wurin. An zagaye shi da kwano, ta leƙa ta wata kafa, ba komai sai tarin ɓaraguzai da rodi. Ta dawo gida, ko takalmi ba ta cire ba ta zauna ta goge ginin. Ta yi kuka sosai, auta na riƙe da kafaɗarta.

Da ta natsu, sai ta nemo maƙalar a cikin kundin. Har yanzu rubutun yana cewa ginin na nan a bakin shataletale, kuma babu wanda ya gyara. Ta daɗe tana kallon allon. Sannan da yatsu biyu, a hankali, ta ƙara layi ɗaya a ƙarshe cewa an rushe shi.

Auta ta karɓi linzamin kwamfutar ta buɗe shafin da ke nuna waɗanda suka taɓa maƙalar.

"Mama, duba. Ga sunanki nan, ga na Baba a ƙasansa, ba kowa a tsakani."

"Matsa min in gani," in ji Anti Tela, tana share tabarau da bakin mayafinta.