Ƙarangiyar Turawa a Wandon Fomen

Har na yi ritaya, ranar da na yi gardama da fomen ɗina, wato shugaban ma'aikatanmu, a Landan ba ta fita raina ba. Shekarun saba'in ne, kuɗin mai sun shigo, gwamnati na ta tura ma'aikata waje kamar ana rabon goro. Ina mataimakin malamin gona aka tura ni kwas ɗin ciyayi, aka haɗa ni da ma'aikatan lambu na ƙaramar hukuma a wajen Woolwich, wata uku. Ƙa'idar ita ce fomen zai rubuta rahoto a kaina. In ya ce ban iya ba, sai in koma gida babu takarda.

Fomen ɗin, Mista Dobson, dattijo ne mai saurin fushi. A ganinsa ɗan Afirka bai san wani ganye ba sai na shayi.

Ran nan muna share gefen wani fili, muka tarar da wata shuka mai faffaɗan ganye kamar faifai. Ya ce, "Bar wannan, rubab ne." Rubab abin lambu ne, suna dafa karansa da sukari. Na duƙa na juya ganyen, ƙasansa fari-fari da gashi mai laushi. Na karya karan ganyen, cikinsa rami. Na ce, "Yallaɓai, wannan bodok ne, ciyawa ce. Rubab ba shi da wannan farin gashin, karansa kuma a cike yake."

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shekara talatin yana aikin nan, in bodok ne, ina furensa, ina ƙayarsa? Ga shi bodok ba ya fure sai a shekara ta biyu, wannan kuwa sabon tsiro ne. Ba ni da shaida, ga rahotona a hannunsa.

Sai na yi abin da kowane ɗan ƙauyenmu ke yi in ya fito daga gona: na dubi ƙafar wando. Nawa babu komai. Nasa kuwa, busassun ƙwallayen ƙayar bodok uku sun manne gam. Na ciro ɗaya, na nuna masa ƙananan ƙugiyoyin jikinta. Na ce, "Uwarsu ta bara tana nan kusa. A wajenmu mai wannan hali ƙarangiya ce, da ita na girma." Muka koma ta inda ya biyo, sai ga busasshen kara a bayan shinge, ƙwallaye fal.

Sai ya miƙo mini shebur. Na haƙo saiwar, ta kusa kamu biyu. A rahoton ya rubuta cewa ina duba inda su ba sa dubawa, kuma wallahi har yau ina alfahari da layin nan fiye da takardar kanta.

Shi ya sa nake ce muku, ku masu koyon aikin gona, ku juya ganye, ku karya kara, ku dubi wandonku kafin ku buɗe littafi. Na haye teku koyon ciyayi, ashe ƙarangiyar gonar babana ce za ta ci mini jarrabawa.