Kekuna Ranar Shuka

A shekarar nan ruwa ya yi mana rowa. Watan shuka ya shiga ya fita, mun fita roƙo har sau uku, sama ta ƙi. Iri kuwa ƙwarya ɗaya ya rage mana, na zuba shi a tulu na liƙe bakin da laka, don kada yunwa ta sa mu taɓa shi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, matata tana da cikin fari, wata bakwai.

Ana haka sai ga gardi, dogarin Nasara, bisa doki da saƙon kumandan, Baturen mulki na Madawa. Wai ranar sallar Nasara, wadda suke ce wa Katoz, za a yi tseren kekuna daga Madawa zuwa Buza, kuma ta bakin garinmu za su bi, nan gaba da Azarori. Kwana uku muka yi a duƙe muna tsince tsidau da ƙaya daga kan hanya. Ranar kuma, in ji shi, kowane magidanci ya fito ya jeru ya yi tafi.

To, da asubar ranar ce Allah ya saki ruwa. Ruwa na gaske! Na tona da hannu, laima ta wuce wuyan hannuna. Amma gonata kan tudu take, jar ƙasa ce da tsakuwa, in ba ka shuka a ranar ba, gobe ka tarar ta bushe ƙamas. Shuka kuma aikin mutum biyu ce: namiji na gaba yana sara da sungumi, mace na baya tana zuba iri tana rufewa da diddige.

Matata ta fasa lakar tulu, ta juye irin a ƙwarya. Ta ce, "Maigida, in an ƙirga ku ka sulale. Ina gona ina jiranka." Na ce to.

Gardi ya ƙirga mu da hantsi, ya koma gindin aduwa ya hau gyangyaɗi. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya ta bayan rumbuna. Ƙanen mahaifina ya zungure ni da gwiwar hannu. "Kai, tashi mu tafi, rana na shanye laimar nan." Na ce, "Baffa, yi gaba, ga ni nan tafe."

Shekaru ina gaya wa mutane tsoron bulala ne ya tsayar da ni. Ƙarya nake yi. Ban taɓa ganin keke ba. An ce mini ƙafa biyu ne, ɗaya gaban ɗaya, mutum ya zauna bisa bai faɗi ba, ni kuwa na rantse sai na gani da idona. Sai in ce wa kaina, yanzu za su ɓullo, in gani in ruga, yini na da tsawo.

Wajen tsakar rana mota ta tsaya, wani Bature ya sauko da akwati mai ƙafa uku. Tafintansa ya ce hoto za a ɗauka. Da Baturen ya ga layi ya zama tsilla-tsilla, ya sa aka tattara mu wuri guda, ya kama ni da kansa ya tsayar a gaba, don ina da tsawo kuma rigar aurena ce a jikina. Daga nan ba hanyar zamewa. Kuma wallahi daɗi na ji, har ina gyara zaman hula. Kai, wauta ba ta da kyau!

Sai bayan azahar suka iso. Sojoji ne da akawuna, da Nasara biyu, bayan kowa caɓa-caɓa da laka. Na gaba ya wuce fuu, kansa a sunkuye, ƙarfen na ƙara siririya. Na yi ihu, na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi, ba wanda ya tilasta ni. Kafin in gama mamaki sun sha kwana.

Baturen ya fito da kansa daga cikin baƙin ƙyallen akwatin hoton yana zage-zage, wai bai samu yadda yake so ba. Aka tare biyun ƙarshe, waɗanda yashi ya kayar, aka sa su koma baya su sake wucewa. Sau uku suna wucewa, sau uku muna tafi. Sai la'asar aka sallame mu.

Na kama gudu zuwa gona. Tun daga nesa na ga layuka a karkace, na san ta gaji da jira ta ɗauki sungumi. Ta sara layi, ta dawo ta zuba iri, ta koma ta sara, ita kaɗai da cikin nan. Ta ci kusan sulusin gonar. Na iske ta jingine da kalgo, zanenta jiƙe da jini. Ba ta tambaye ni inda na tsaya ba. Ta ce, "Rufe ƙwaryar nan, kurciyoyi na ci."

Na goya ta zuwa gida. Kafin magariba ta haihu, namiji. Ya yi numfashi kaɗan ya koma. Ni na haƙa masa kabari, ni na sa shi, ko suna bai samu ba.

Bayan kwana biyu na shuka sauran. Ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, rana ta ƙone shi ƙurmus. Nata kaɗai ya tsaya, ya yi kai, muka samu dami goma sha. Hoton kuwa ban taɓa ganinsa ba, ban ma san ko ya fita ba.

Har ta rasu ba ta taɓa tayar da zancen ba, da ma ta zage ni da na ji sauƙi. Geron nan shi ya fitar da mu rani. Ita za ta sussuka, ta daka, ta dama, ta durƙusa ta ajiye mini ƙwaryar fura ta ce, "Maigida, bisimilla." Ni kuma in ɗauka in sha, don yunwa nake ji.