Rigar Baba

Ran da abin ya faru na tashi da asuba na dama kunu, ina dafa bango. A makon ne na yi ɓari. In na miƙe sai ɗaki ya juya da ni, kunnuwana su yi ɗif. Ungozoma a matarnite, asibitin haihuwa, ta ce jini na zubar da yawa, in kwanta. Na ce to, na dawo gida na ɗauki tsintsiya.

Mijina direba ne, yana hanyar Tawa. Gidanmu na unguwar Boukoki daga ni sai mahaifinsa, Baba. Baba bai san na yi ciki ba, balle ɓari. Da wane baki zan faɗa wa suruki? Ko sunansa ban taɓa kama ba. Abincinsa ma a ƙofa nake ajewa, kaina a ƙasa.

Wajen ƙarfe goma muka ji ihu daga bakin titi. Sai warin taya. Katangarmu ɗaya da wani gidan giya, shi samari masu zanga-zanga suka nufa. Na ji kwalabe na fashewa, na ji kwanon rufi na ƙara. Hayaƙi ya tsallako tsakar gida. Maƙwabta na ta ƙwala mana kira.

"Ku hita! Ku hita!"

Baba ya turo motonsa mai ƙafa biyu waje, ya tayar. Kirkissoye za mu, ƙetaren kogi, gidan 'yarsa.

"Hau, ɗiyata!"

Ban hau ba. Na ji ɗumi yana bin ƙafata, na san zanena ya ɓaci. In raɓi bayan surukina a haka? Na girgiza kai, na kama tafiya. Ya sake kira, na yi kamar ban ji ba. Sai ya kashe moto ya biyo ni yana turawa, tsoho mai ciwon gwiwa.

Sha ɗaya ta same mu a babban titi. Jandarma a gaba, samari a baya, duwatsu na ratsawa ta samanmu. Aka harba gaz mai sa hawaye. Idanuna suka rufe, gumi mai sanyi ya keto mini. Na ga titin ya taso. Daga nan ban san kome ba.

Da na farfaɗo, shuɗin yadi na fara gani. Babbar rigarsa ce ya lulluɓe ni da ita daga ƙirji zuwa sawu, don kada jama'a su ga abin da ya gani. Yana durƙushe a kaina, ya ba duwatsu baya, daga shi sai 'yar ciki. Hularsa ta faɗi. Jini na sauka ta bayan kunnensa. Ran nan na fara kallon fuskarsa sosai. Kunya ta sa na so ƙasa ta tsage.

"Kar ki tashi."

Wani mai taksi ya kwashe mu zuwa asibiti. Ni aka ƙara mini jini. Baba ya yi magana har la'asar, duk tambayarsa ko an ba ni abinci. Bai kai wayewar gari ba.

Gidan ya ƙone rabi, an gyara. Moton ba a sake ganinsa ba. Jirin ya bar ni bayan wata biyu. Ba wanda ya taɓa ce mini kome, har mijina, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo. Daga ƙofarmu zuwa kadarkon kogin tafiyar 'yan mintoci ce a moto.

Rigar tana ƙasan akwatina. Na wanke nawa jinin ya fita. Na wuyan ban taɓa ba.