Tana Kai Ni Gida?

Idan Inna ta ce "gida", ba ta nufin inda muke kwana a unguwar Birni. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune a Damagaram, nan ta haife mu, nan ta yi takabar Baba, amma a bakinta wannan wuri sunansa "nan". Gida wani ƙauye ne can bayan Dogo, inda mahaifiyarta take, Iya, tsohuwar da idanunta suka daina gani. Duk matan auren da na sani haka suke faɗa. Yaron goye ma ya kusa sanin wannan, balle yayana da ya yi karatu har ya samu aikin biro, wato ofis.

Daga gari zuwa Dogo gudiro ne, kwalta shimfiɗe. Daga can sai a sauka a shiga rairayi, fari, mai laushi kamar garin tuwo, tsakanin goriba da gonakin rake. Da, Inna kan hau motar haya zuwa Dogo, kabu-kabu ya ƙarasa da ita. Sai gwiwoyinta suka lalace, likita ya hana ta hawan babur. Shekara biyu ba ta taka gida ba. Muryar Iya kawai take ji ta waya, shi ma sai an samu wanda ya kai wayar kan tudu inda rezo, wato layin waya, yake kamawa.

Saboda haka ranar da Yaya ya ce zai sayi mota, na ga fuskar Inna ta yi wani haske da na jima ban gani ba. Ta dai tashi ta buɗe akwati tana duba atamfofin da ta ajiye wa Iya.

Motoci biyu ya gani a wajen wani dillali mutumin Kano, duka daga Kwatano aka kawo su. Ɗaya baƙa ce, doguwa, ƙirar Jamus, cikinta kusa da ƙasa, ƙafafunta na baya ne ke tura ta. Ɗayar kat-kat ce, wadda ƙafafunta huɗu duk suke aiki, mai tsawo, launin toka, da lotsewa a ƙofar baya.

A yini guda ƴan fadar Yaya suka zama malaman mota. Su ne masu zama kan benci a ƙofar gidanmu tun la'asar suna dafa shayi, kuma a cikinsu babu mai ko keke mai lafiya. Ta tagar ɗakina nake jin karatunsu. Akwai wata doguwar kalmar Faransanci da suke furtawa ta hanci, suna miƙa wa juna ita kamar kofin shayi, alhali ma'anarta ba ta wuce cewa ƙafafun baya ne ke turawa ba.

"Kat-kat ai motar ƴan furojen ƙungiyoyin agaji ce da masu awon wake," in ji ɗaya.

"Hawanta ake yi kamar raƙumi," in ji wani. "Waccan kuwa zama ake yi. Manya ba sa hawa, abokina, zama suke."

"Kuma ka ga yadda take shan kwana? Bayan ne ke ba ta hali."

Wanda ya faɗi haka bai taɓa riƙe sitiyari ba. Na san shi tun yana satar mangwaro. Amma Yaya ya gyaɗa masa kai kamar an karanto masa aya.

Ranar da za a yanke magana, Inna ta sa aka kira Baffa, ƙanen Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙi a hanyar Agadas. Ni kuma ta ce in bi su in zama idonta. Da muka isa, Baffa bai ko dubi fentin motocin ba. Ya nemi kwali ya shimfiɗa, ya kwanta ƙarƙashin kowace, ya daɗe. Da ya fito yana kaɗe riga, sai ya dafa baƙar.

"Wannan a gudiro ba ta da aibu," in ji shi. "Amma ranar da ta ga rairayi, ƙafafun bayan nan haƙa za su yi ta kwanta da cikinta. Gaba ba ya ja, inji kuma ya danne shi. Ɗauki mai tokar nan, ɗana. Mummuna ce, amma tana zuwa inda aka aike ta."

Dillalin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Baba, wa ke zancen rairayi? Yallaɓai farauta za shi? Dubi mutum, dubi agogo. Yallaɓai, rantse ka faɗa mini, ka fito daga waccan akwalar a ƙofar biro, masinja ma zai gaishe ka, Yallaɓai?"

Sau uku ya ce Yallaɓai, sau uku na ga kafaɗun yayana suna ƙara faɗi. Abin da aka saye shi da shi ke nan. Baffa ya kai shekara ashirin yana fitar da motoci daga yashi, amma ba ya cewa Yallaɓai, sai "ɗana".

Ni ma ba zan wanke kaina ba. An buɗe mini baƙar na zauna a ciki. Kujerun fata ne masu sanyi, ƙanshinsu kamar na sabon takalmi, kuma ta gilashi na ga gajimare suna tafiya a kan murfin injin motar kamar a kan ruwan tafki. Na shagala. An aike ni in zama ido, na je ina kallon gajimare, na dawo ban gaya wa Inna abin da Baffa ya faɗa ba.

Da yamma Yaya ya durƙusa gaban Inna yana mata bayani. Tana zaune kan tabarma tana tsige zogale. Ya yi maganar inji, ya yi maganar shan mai, ya kawo kalmar nan ta hanci. Ta bar shi har ya gaji.

"Ni ban san ta gaba ba, ban san ta baya ba," in ji ta, idonta na kan faranti. Shi ne ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika dubansa ido da ido. "Abu ɗaya nake tambaya. Tana kai ni gida?"

Ya zaro waya daga aljihu ya duba, alhali ba ta yi ƙara ba.

"Har ƙofar gida, Inna."

"To, Allah ya sa alheri. Allah ya tsare."

Na ga yadda ya tashi da sauri. Ya san abin da ta tambaya, ya san abin da ya amsa.

Sati uku motar ta yi tana shan wanka safe da yamma, a garin da mata ke bin layin famfo da bidon na ɗiban ruwa. Ƴan fada suka matsar da bencinsu kusa da ita don masu wucewa su haɗa su da ita a kallo ɗaya. Kullum Inna ta tambayi ranar tafiya, sai ya ce aiki ya yi yawa. A ƙarshe ta daina tambaya, ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa: sabulu, sukari, dabino, man zafi, atamfa biyu. Kwana biyu yana tsallake ƙullin, a na uku ya ce Asabar. Aka yi wa Iya waya. Ta ce za ta sa a buɗe darni don motar jikanta ta shigo har tsakar gida, tunda ba ta gani, ta shafa ta da hannu.

Bazara ce, ruwa bai sauka ba. Gaskiya a gudiro motar ta yi daɗi. Duwatsun gari suka koma bayanmu kamar giwayen da suka kwanta hutawa, Inna tana baya tana jan carbi, Yaya sanye da farar shadda yana tuƙi da hannu ɗaya. Duk motar hayar da muka wuce sai ya duba madubi ya yi murmushi.

Bayan Dogo muka sauka. Da farko ƙasar da tauri, har ya fara cewa, "Ina Baffa yake ya gani?" Bai rufe baki ba muka shiga wata jigawa tsakanin goriba biyu. Motar ta yi nauyi, ta yi nishi, ta tsaya. Ya taka totur. Na waiwaya na ga rairayi yana tashi a bayanmu kamar ana sheƙar hatsi, mu kuma muna yin ƙasa a hankali. Ya ƙara takawa. Mutumin da ya yi shekaru yana karatu, dabararsa ɗaya ce: abin da ya ƙi, a ƙara masa ƙarfi. Sai da cikin motar ya zauna daram a ƙasa sannan ya kashe inji.

Manoman da ke sharar gona a kusa suka zo da hauyoyinsu. Suka haƙa, suka cusa kara da kaba a ƙarƙashin tayoyi, suka tura. Yaya yana zagaye su yana cewa, "A hankali da fentin! Kai, kada hauyar nan ta taɓa ta!" Ta matsa tsawon tabarma biyu ta sake kwanciya.

Wani dattijo a cikinsu ya share gumi da hularsa. "Alhaji, wannan ƴar birni ce, ba ta saba wahala ba. Kuma wannan wurin ai wasa ne. Gaba akwai uku da suka fi shi."

Kilim mai sanyaya mota ya mutu tare da inji, cikin motar ya zama tanda. Na taimaka wa Inna ta fito ta zauna a inuwar goriba. Ta jira manoman suka ja gefe shan ruwa, don ba ta yi wa ɗan fari magana a gaban baƙi. Sannan ta ce, a hankali, "Kai, ka ce tana kai ni gida."

Abin da ya fito daga bakinsa har yau ina jin kunyarsa a madadinsa.

"Ai tana kai ki, Inna. Ranar da muka je asibiti ba a ƙofar gida ta sauke ki ba? Ni ban ce ƙauye ba."

Ya faɗa da muryar biro, irin wadda ake gaya wa talaka cewa takardarsa ba ta cika ba. Sati uku yana riƙe da wannan amsa a aljihu, yana jiran ranarta. Da ya ce, "Na so ta ne, Inna, ki yafe mini," da na zauna na taya shi haƙa da hannuna.

Inna ta dube shi, a karo na farko da na taɓa gani, ido cikin ido. Ta ce, "To." Ta juya wajen dattijon. "Malam, babu mai amalanke a nan kusa?"

Akwai. Amalanken shanu ce da ta kai taki gona tana komawa. Mai ita ya share ta da reshen kaba, aka shimfiɗa dardumar sallar Inna. Ni da wata mata mai itace muka ɗaga ta. Yaya ya ce shi zai tsaya, ba a barin irin wannan mota a daji ba kowa.

Ba zan manta da tafiyar nan ba. Shanun suna ratsa rairayin da ya kayar da motar Jamus ba tare da sun ko ɗaga kai ba. Amma amalanke ba ta da tausayi. Kowace saiwa, kowane rami, sai ya bi ta katako ya sauka a gwiwoyin Inna. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Na riƙe ƙafafunta a cinyata ina jin su suna ɗumi, suna kumbura a tafin hannuna. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Da muka hango kukar bakin gari, sai ta zare mayafin daga baki ta gyara ɗaurin kallabi.

An buɗe darnin kuwa. An cire zana biyu, an share wurin, an yayyafa ruwa. Maƙwabta sun taru. Iya tana zaune kan turmi a kife, ta karkata kai tana saurare.

"Ban ji inji ba," in ji ta.

"Yana hanya, Iya," in ji Inna. "Wani uzuri ya tsayar da shi."

Aka kai ta gabanta. Iya ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗunta, ta shanshana mayafin. Hannunta ya gangara har gwiwa ya tsaya a can. Ta daɗe ba ta ɗauke shi ba.

"A ɗora ruwan zafi," in ji ta. "Ku kuma ku mayar da darnin nan kafin awaki su shigo su cinye mini wake."

Washegari da hantsi Yaya ya yi waya. Shanu huɗu sun ja motar sun mayar da ita Dogo, a can ya kwana wajen wani abokin aikinsa. Ya ce mu nemi abin hawa mu same shi, gobe yana da taro. Bai ce a ba Iya waya ba.

Na shiga ɗaki na gaya wa Inna. Tana kwance an naɗe mata gwiwoyi da tsumma mai ɗumi, Iya na zaune a gefenta tana murza mata yatsun ƙafa kamar ƙaramar yarinya.

"Ki tafi ke," in ji Inna. "Ƙafafun nan ba za su sake hawa amalanke ba a wannan watan. In kuma na tafi, ban san da me zan dawo ba. Sai bayan girbi, in Allah ya kai mu."

"Inna, wata biyar fa ke nan. Maganinki?"

"Ki ba direbobin kasuwar Dogo su kawo. Makullin akwati na ƙarƙashin katifa. Yayanki gishiri kaɗan yake so a miya, kada ki cika masa."

Na so in ce ya ci miyar da gishirinta ko ya kwana da yunwa. Na durƙusa na yi wa Iya sallama, ta tofa mini addu'a a ka, na fita neman kabu-kabu.