Hancin Ubale da Bokitin Karakara

Ubale ɗan mahauta ne daga Kano, kuma hanci ya gada a wurin ubansa, ba wuƙa ba. Ya shinshina nama sau ɗaya, sai ya gaya maka kwanansa nawa. Karatu ya kawo shi Kuala Lumpur, karatun ya ƙi, ya ƙare a wani ƙaramin gidan tsuntsaye kusa da unguwar Titiwangsa yana ciyar da wani tsuntsu mai suna karakara.

Kai, tsuntsun nan ba shi da kyan hali! Dangin shaho ne daga Kudancin Amurka, amma mushe yake ci kamar ungulu. In kaza ta fara ciwo a kejin da ke kusa, sai ya tako da ƙafa har jikin waya, ya tsaya ya zuba mata ido yana jira.

Da annobar korona ta zo aka rufe gari, ma'aikata biyu aka bari: Ubale da wani tsoho ɗan ƙasar, Pak Din. A gida kuwa, can unguwar Sentul, akwai mahaifiyarsa, Hajiya Daso, wadda ta zo ganin likitan ƙoda aka rufe iyaka da ita. Likita ya ce in cutar nan ta kama ta, sai dai wani ikon Allah. Tsoro ya sa Ubale ya daina ko musabaha. Amma kullum da safe shi ke hura mata kunu da bakinsa, ya ba ta a cokali.

Wata Talata ya lura tsuntsun ya rabu da kaji, shi yake bi.

"Aniyarka ta bi ka," in ji Ubale.

Ya buɗe bokitin kayan ciki, ya sauke takunkumi ya shinshina yadda ya saba. Lafiya lau. Sai ga Pak Din ya ja da baya yana toshe hanci.

"Ubale, firij ya lalace tun shekaranjiya fa! Ba ka jin warin nan?"

Ubale ya sake shinshinawa. Ya shinshina wuyan rigarsa, inda ya shafa turare. Babu komai. Kowa kuwa ya san abin da cutar ke fara ɗaukewa: jin ƙamshi da wari.

Wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Kai yaron nan, yau ka manta da citta a kunun ne? Ko ƙamshinta ban ji ba."

Da hannunsa ya zuba cittar, har cokali biyu.